Masu Lissafi a Ƙasar Yauri: Daga Zauren Rabon Gado Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya koyar da lissafi a makarantun ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara da Shanga, ya san ba a cikin aji yara ke gane shi ba. A aji gabatar da shi kawai muke yi. Ganewar sai da yamma, sa'ad da mutum huɗu ko biyar suka sa tambaya ɗaya a gaba suna ta musu a kanta. Wannan ɗabi'a kuwa ta girmi boko nesa ba kusa ba.

Malaman zaure ne suka fara ta, rabon gado ne kuma ya tilasta musu. Ga matsalar da almajiri kan ci karo da ita in ya kai babin gado: mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu. Miji yana da rabi, su biyun suna da kashi biyu cikin uku. In aka yi asali da shida, miji uku, su huɗu, ya kama bakwai ke nan, alhali dukiyar shida ce. A kan irin wannan ne Sayyidina Umar ya tara sahabbai, aka tsaya a kan a mayar da asalin bakwai, ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Malaman da na taras ba sa raba gado mai sarƙaƙiya su kaɗai. Ɗaya ya zana a ƙasa, ɗaya ya sake bi daga farko, sai ƙidayar ta haɗu sannan a kira magada.

Daga irin wannan zaure ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatanin Katsina ya fito. Ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Nakan ba 'yan aji ɗaya hatimi mai gida tara, in ce su jera 1 zuwa 9 kowane layi ya ba da 15. Da wuya yaro ya gama shi shi kaɗai. In an haɗa su uku, kafin a kaɗa ƙararrawa wani ya gano dole 5 ta zauna a tsakiya.

Kasuwa ma makaranta ce. Dillalin kifi ko na albasa a bakin ruwa yana riƙe da bashin masu jirgi da yawa a ka, kuma kafin 1973 da fam da sule yake yi: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga sisi ga taro. Wanda ya saba da wannan, ɓallen lamba ba ya ba shi tsoro. Ran 1 ga Janairu 1973 Naira ta shigo, fam ya koma Naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Lissafi ya yi sauƙi, amma a ganina mun yi asarar wani horo na ƙwaƙwalwa da ba mu maye gurbinsa ba.

Wahalar gaske ta zo mana ne daga manhaja. An kawo abin da ake kira lissafin zamani, wanda ya iso mu ta tarurrukan Entebbe a Yuganda tun 1962, cike da rukunai da ƙidaya a tushe biyu. Ana cikin haka aka buɗe shirin firamare kyauta a 1976, yara suka cika azuzuwa, aka ɗebo malamai da horon gaggawa. Malamin da aka koya masa kwabo da sule aka ce gobe ya koyar da abin da bai taɓa gani ba. Ya zai yi? Sai ya nemi ɗan'uwansa malami da dare, a kunna aci-balbal a yi ta fama. A 1977 Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya soke tsarin baki ɗaya, aka sake komawa zaman dare don a tuno wanda aka bari.

A sakandare kuwa Indiyawa da 'yan Gana da 'yan bautar ƙasa ne suka riƙe allo shekara da shekaru, da littafin New General Mathematics da teburin logaridim. Turancin wasu ba ya shiga kunnen yaro ɗan Gungawa ko ɗan Kambari, don haka kowane aji yakan fitar da nasa gwani, wanda zai sake yin darasin da Hausa a lokacin karatun dare. Da yawa cikinmu ta nan muka zama malamai tun ba mu sani ba. Sunan Farfesa Iya Abubakar na Jami'ar Ahmadu Bello ya taimaka. Jin cewa ɗan Arewa ya je Kambirij ya yi digiri na uku a lissafi ya hana mu cewa abin na wasu ne.

Ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja suna shirya gasa da bita, sai dai Yauri ta yi musu nisa, abin da ke iso mu kaɗan ne.

Abin da ya fi taɓa karatun taro a zamaninmu shi ne harin 17 ga Yuni 2021 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, inda aka kwashe ɗalibai da malamai, na ƙarshensu ba su dawo ba sai 2023. Bayan wannan, uba nawa ne zai yarda ɗansa ya kwana a makaranta, balle ya fita karatun dare?

Waya ce ta ɗan toshe gurbin. Yaro a Ngaski ya ɗauki hoton tambaya ya tura wa abokansa ta WhatsApp, wani a Sakkwato ko Zariya ya warware a takarda ya turo, wani ya ce layi na uku akwai kuskure. In haka ake yi, zaure ne ya dawo. Amma ta wannan hanya dai ake sayar da amsoshin jarrabawa lokacin WAEC da NECO, yaro ya kwafi lamba bai san ta ina aka bi ba. Shi ya sa a zaurukan da nake ciki muka kafa doka: wanda ya turo amsa ba aiki, goge ta ake yi, wanda kuma ya turo aikin sai ya biyo da saƙon murya ya yi bayani da Hausa. Masu kwafe ba sa jimawa da mu, domin ko an tambaye su dalilin da ya sa alamar ɗebewa ta koma ta tarawa bayan ta tsallake daidai, shiru kake ji.