Gyaran Haruffa Shida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Diffa lokacin da manoman bakin Komadugu suka shanya jan tattasansu suka kawo, ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa a kan sallamawa, domin kuwa bayan an yi tayi, an yi albarka, an daidaita, an auna tiya ta yi tozo, mai saye yakan ci gaba da riƙe bakin buhunsa a buɗe, yana duban hannun mai sayarwa, har sai an damƙo ɗan wani abu an jefa masa. Wannan shi ne gyara. Ba ya cikin farashi, ba a kai ƙara wurin sarkin kasuwa don an hana shi, amma sau da yawa shi ne abin da mutum yake tunawa idan ya isa gida, kuma shi ne yake komo da shi wurin mai kayan a mako na gaba. Da wannan kalma nake so in kira wani sashe na wani tsohon wasan talabijin na Amurka mai suna Wheel of Fortune, wato faifan sa'a, wanda samarinmu suke cin karo da guntayensa a cikin salula, domin ban sami wata kalma da ta fi ta dacewa da zagayen nan na ƙarshe ba, wanda ake ba gwanin ranar shi kaɗai bayan abokan karawarsa sun koma gefe.

Wani mawaƙi kuma mai shirya wasanni, Merv Griffin, shi ne ya ƙago wasan daga wani wasan cike gurbin haruffa da yakan yi da 'yar'uwarsa suna yara, aka fara nuna shi a tashar NBC ranar 6 ga Janairu, 1975. Tsarinsa ba shi da wuya. Ana kafa allo mai gurabe rufaffu, kowane gurbi da harafi a bayansa, haruffan kuma idan sun haɗu sukan ba da wata magana sananniya. Mutum uku suna juya wani babban faifai da aka tsaga gida-gida, kowane gida da adadin kuɗinsa, in ban da wasu gidaje na asara, waɗanda ɗaya daga cikinsu yake share duk abin da mutum ya tara a wannan zagaye. Wanda faifai ya tsaya masa a kan kuɗi sai ya kira baƙi ɗaya, in yana cikin maganar a buɗe shi a biya shi. Wasali kuwa ba a samunsa kyauta, sai an saya, a kan dala 250 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta kasuwa mai tamma biyar ba). A shekarun farko ma ba a ba mai nasara tsabar kuɗi, sai dai ya kashe abin da ya ci a kan kayan ɗaki da aka jera masa a dandalin.

Gyara bai tabbata a matsayin rukunin wasan na kullum ba sai a Disamba 1981, watan da Pat Sajak ya karɓi jagoranci daga Chuck Woolery, shekara guda kafin zuwan Vanna White, wadda ta yi ta juya haruffan da hannu har zuwa 1997. Ga yadda yake a farkonsa: wanda ya fi kowa tarawa ya zaɓi kyautar da yake so ya nema, mota ce ko wani abu mai daraja, a nuna masa allo wanda ba a buɗe ko harafi ɗaya a cikinsa ba, a faɗa masa babin maganar, ko sunan wuri ne ko na abu, sa'an nan ya kira baƙaƙe biyar da wasali ɗaya. A buɗe waɗanda suka dace, a ba shi daƙiƙa 15, ya yi ta faɗar abin da ya zo bakinsa. In ya dace kafin ƙararrawa, kyauta ta zama tasa, in kuwa bai dace ba, ya tafi da abin da ya riga ya ci, ba a rage masa kome ba.

A nan ne hikimar take, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata tare da ni. Haruffan Ingilishi 26 ne, baƙaƙe 21 da wasula 5, wanda a zahiri yana nufin hanyoyin zaɓe suna da yawa ƙwarai. Amma ba a daɗe ba sai aka ga masu wasa, ba tare da sun yi taro ko sun yi ittifaƙi ba, sun koma kiran haruffa guda shida kusan kullum: R, S, T, L, N, da E. Kowa ya kalli na gabansa ya ga abin da ya buɗe allo, ya yi ƙiyasi a kai, har zaɓe ya zama al'ada, al'ada ta zama kamar wajibi. Abin da suka gano da gwaji shi ne haruffa ba daidai suke ba wajen yawan aukuwa, kamar yadda duk mai rubuta Hausa da boko ya san cewa harafin a ya rinjayi sauran nesa ba kusa ba.

Wannan sirri kuwa tsoho ne, kuma ba a Amurka aka fara tona shi ba. Fiye da shekara dubu kafin nan, a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Abu Yusuf Ya'aƙub ɗan Ishaƙ al-Kindi ya rubuta risala a kan warware ɓoyayyen rubutu, inda ya bayyana cewa wanda ya sami wasiƙar da aka sauya haruffanta da alamomi, in ya san harshen da aka rubuta ta, to ya ɗauki wani rubutu bayyananne na wannan harshe ya ƙirga haruffansa, ya jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sa'an nan ya ƙirga alamomin wasiƙar ya gwama na farko da na farko, na biyu da na biyu, har magana ta fara fitowa. Risalar ta daɗe kwance cikin littattafan Istambul, ba a buga ta ba sai a Dimashƙa cikin 1987, daidai lokacin da matan gida da malaman makaranta na Amurka suke aiki da ƙa'idarta kowane dare ba su san sunan mai ita ba.

Mu ma a kwarin Komadugu ba baƙi ba ne ga irin wannan ilimi. Ba nisa da kogin nan, ta ɓangaren Nijeriya, kufan Birnin Gazargamu yake, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya zauna cibiyar Barno har 1808, ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yaba wa mutanenta a Infaƙul Maisuri saboda himmarsu ga karatun Alkur'ani da haddarsa. Alaramman tsangayun Barno sukan san sau nawa kalma kaza ta zo a cikin Littafi, da inda ta zo da wawu da inda ta zo ba shi, marubutansu kuma sukan fara jera baƙaƙe da baƙar tawada kafin su komo su sa wasula da ja. Wanda ya saba karanta Larabci ba wasali, ya ga baƙaƙe uku ya san kalma, ba zai yi mamakin mai wasan da ya dubi allo mai gurabe goma sha biyu da haruffa huɗu ya faɗi magana ba. Ba ina kwatanta darajar ilimin biyu ba ne, Allah ya tsare. Aikin ƙwaƙwalwar ne kawai na ga ya yi kama.

To, masu shirya wasan suka ga kowa yana kiran abu ɗaya, kallo ya fara gundurar jama'a. Sai a Oktoba 1988 suka sauya ƙa'ida: haruffan nan shida a ba kowa su kyauta tun kafin ya buɗe baki, sa'an nan ya ƙara baƙaƙe uku da wasali ɗaya na kansa. Haruffa goma ke nan a maimakon shida, abin da ya yi kama da karimci. Amma a lokaci guda aka rage lokaci daga daƙiƙa 15 zuwa 10, kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, masu zaɓen maganar da za a ɓoye sun san haruffan da za su bayar, saboda haka ba abin da zai hana su ɗauko wadda shidan nan ba za su buɗe mata kome ba sai gurbi biyu ko uku. A ganina wannan shi ne mai tattasai da ya ga duk kasuwa ta saba da damƙi guda na gyara, sai ya riƙa jefa shi tun ba a roƙa ba, bayan ya riga ya sassauta hannu wajen cika tiya. Ban zarge su ba, domin wasa da kowa ya san mabuɗinsa ya mutu. Sai dai bai kamata a kira shi kyauta ba.

Daga nan sai sa'a ta fara shigowa inda dā basira ce kaɗai take aiki. A 1989 aka daina barin mutum ya zaɓi kyautarsa, sai ya ɗauki ɗaya cikin ambulan biyar rufaffu. A 2001 aka kawo ƙaramin faifai mai ambulan 24, mafi girmansu dala 100,000, ba a buɗe wanda ya samu sai bayan ƙararrawa, ko ya ci ko ya faɗi, wanda kuwa ya faɗi a nuna masa abin da ya kuɓuce masa a gaban duniya, abin da ni dai ban ga tausayi a cikinsa ba. Ko wannan faifai ya shiga babin caca, alhali mai wasa bai zuba ko tamma daga aljihunsa ba, mas'ala ce ta malaman fiƙihu, na bar musu ita.

A 2008 aka ƙara dala miliyan ɗaya, aka kewaye ta da sharuɗɗa kamar ganuwa: sai faifai ya tsaya wa mutum a kan siririn gidanta, ya warware maganar wannan zagaye, ya tsira daga gidan asara har ƙarshe, ya fi abokansa tarawa, ƙaramin faifai ya faɗa a kan ambulanta cikin 24, sa'an nan ya warware gyaran cikin daƙiƙa 10. A watan Oktoba na wannan shekara wata mata, Michelle Loewenstein, ta haye su duka. Maganar da aka ɓoye mata kalmomi biyu ce masu haruffa goma sha ɗaya, waɗanda haruffan kyauta suka buɗe gurabe huɗu daga ciki, ma'anarta kuwa da Hausa ita ce famfo mai yoyo.