Fitilun Ƙarau na Masallatan Masar

Ku 'yan makaranta kun san ƙarau, irin wanda Nufawan Bida ke narkarwa su yi awarwaro. To, a zamanin sarakunan Mamluk, waɗanda suka mallaki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, an yi waɗansu gwanaye masu busa shi ya zama fitila mai ciki kamar tulu, da baki buɗe, da 'yan kunnuwa inda a kan ɗaura sarƙa a rataye ta a masallaci.

Aikin da wuya ƙwarai. In an busa fitilar ta huce, sai a niƙa ƙarau mai launi, shuɗi da ja da fari, a yi rubutu da shi, a ƙawata da zinariya, sa'an nan a sake mai da ita wuta don launin ya kama. Wutar kuwa in ta yi yawa kaɗan, sai fitilar ta lanƙwashe, wahala ta tashi a banza. A wuya a kan rubuta Ayar Haske ta cikin Suratun Nur, a ciki kuma sunan wanda ya sa aka yi, da tambarin sarautarsa, watau ƙoƙo ga mai shayar da sarki, gidan alƙalami ga magatakarda. Da wannan masana ke gane zamanin kowace. Da yawa daga cikin waɗanda suka saura na masallacin Sarki Hasan ne, wanda aka fara ginawa a Alƙahira a 1356.

Sannu a hankali sana'ar ta mutu, har ya zama a 1569 wazirin Istambul sai Banis, a ƙasar Italiya, ya aika a yi masa fitilu 900.

Da abin ya yi wuyar samu, sai attajiran Turai suka shiga nemansa, aka riƙa saukar da fitilu daga masallatai ana ketarawa da su teku. Wani Bafaranshe, Brocard, ya ƙware wajen kwaikwayonsu, saboda haka mai saye ba ya gaskata ido kaɗai. Ni dai a ganina fitilar da aka yi wa wakafi ba hajar kasuwa ba ce. Hukumar Masar ta tattara sauran, ta ajiye a gidan kayan tarihi da aka kafa a 1881. Can ma ba su tsira sarai ba, gama a 2014 bom ya tashi daura da gidan, waɗansunsu suka farfashe.