Aku mai magana: wanne ya fi iya baki, wanne ya fi damun maƙwabta

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san aku da daɗin baki. Sai dai sunan aku ya ƙunshi nau'o'i sama da 350, kuma da yawa daga masu saye saboda magana sukan tarar cewa ihu ne ya fi yawa a bakin tsuntsun. Babu aku marar kuka. A daji garke-garke suke rayuwa, suna kiran juna da asuba da dab da magariba, kuma keji ba ya kawar da wannan ɗabi'a. Abin da ke hannun mai saye shi ne nau'in tsuntsun, da inda aka ƙyanƙyashe shi, da yadda za a riƙe shi.

Mai jan wutsiya

Wanda ya fi kowa suna shi ne aku mai launin toka da jan wutsiya, wanda Faransawa ke kira gris du Gabon ko jaco. Tsawonsa kusan santimita 33 ne, kuma yana rayuwa a dazukan da suka tashi daga Kodebuwa da Ghana, suka ratsa kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har Uganda da yammacin Kenya. Yana ɗauko muryar mutum kamar ta mai ita, har maigida ya amsa sallamar da ba wanda ya yi. Yakan kwaikwayi ƙarar waya da hon ɗin babur da tarin tsoho. Wani aku irin wannan mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi bincike a kansa a Amurka daga 1977 har mutuwarsa a 2007, ya riƙe kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana kuma ƙirga abubuwa har shida.

A wajen ƙara matsakaici ne, fito da kwaikwayo sun fi ihu yawa a bakinsa. Amma tsuntsu ne mai saurin shiga damuwa. In aka bar shi shi kaɗai wuni guda kullum, sai ya koma ihu ko ya riƙa fige gashinsa. Kuma yana kai shekara 40 zuwa 60 a gida, wato abin gado ne. Ɗan'uwansa timneh, na dazukan Gini da Saliyo da Laberiya, ya fi shi ƙanƙanta da duhu, wutsiyarsa ja ce mai duhu, kuma masu kiwo na yaba shi da saurin fara magana.

Akwai batun doka, wanda ya fi shafar masu tsallaka iyaka. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg aka sanya wannan aku a jerin farko, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo a daji tsakanin ƙasashe tun farkon 2017. Dalili kuwa a fili yake: binciken da aka yi a Ghana ya nuna yawansu ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari tun 1992. Ko na gida ne, wanda zai ɗauke shi daga Ngaundere zuwa Njamena ko daga Kumasi zuwa Yamai sai da takardar izini, in ba haka ba jami'an gandun daji na da hurumin ƙwacewa.

Ko da an ajiye doka gefe, kamun daji mummunar sayayya ce. Babban aku da aka ɗana wa danƙo ko raga yana tsoron mutum, yana gurnani da ihu in an matso kejinsa, kuma da wuya ya saki jiki ya koyi magana. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo yakan zo da rufaffen zobe a ƙafa, wanda ba ya shiga sai tsuntsu na jariri. Ido ma na faɗin shekaru: na ƙarami baƙi ne, sannu a hankali ya koma toka, na babba kuma rawaya-rawaya.

Ƙanana

Ga mai zaman gidan haya, akun Senegal, youyou a Faransanci, ya fi dacewa. Tsawonsa kamar santimita 23, kai toka, baya kore, ciki rawaya ko ruwan lemo, kuma ɗan ƙasa ne daga Senegal har arewacin Kamaru da Chadi. Kalmominsa ba su da yawa, muryarsa siririya ce, amma yana cikin masu ƙarancin ihu. Aibinsa kishi: yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya riƙa cizon sauran.

Tsirya, koriya mai dogon wutsiya da ake gani a bishiyoyin Sahel, tana koyon magana sarai in an rene ta tun tana ƙarama, amma kukanta kaifi gare shi, kuma ba ta gajiya.

Abin mamaki shi ne ɗan ƙaramin perruche ondulée na Ostareliya, da ake rainawa saboda araha. A 1995 littafin Guinness ya rubuta wani mai suna Puck da kalmomi 1,728. Namiji ya fi koyo, ana gane shi da shuɗin fata a saman baki. Maganarsa da sauri take, sai an kasa kunne, amma ba ya tada unguwa. Manyan da ake shigowa da su kuwa, irin su ara da amazone na Kudancin Amurka da cacatoès na yankin Ostareliya da Indonesiya, ihunsu na ƙetare katanga da yawa. Amazone gwani ne a magana da waƙa, sai dai maƙwabta ma za su sha.

Riƙo

Rabin ihun aku mutanen gida ne ke koya masa. In ya yi ihu aka rugo, ko aka daka masa tsawa, to ya sami abin da yake nema, gobe zai ƙara. Masu kiwo kan yi shiru har ya lafa, su amsa masa lokacin da ya yi fito ko magana. Yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, da itacen da zai riƙa gwaguya, da keji a inda jama'a ke zama. Kalma kuma ta fi kama shi in ana faɗin ta a muhallinta, kamar sallama duk lokacin da aka shigo. Mai jan wutsiya yakan kai shekara guda kafin ya fara, wani ma ba ya yi sam, ko da iyayensa gwanaye ne.

Abinci ma na taɓa halinsa. Gyaɗa zalla ba ta isa ba, mai ruɓa kuma tana lalata hanta. Ana haɗa masa hatsi da ganye da karas da gwanda da mangwaro, da kwakwar manja jifa-jifa, a kuma bar shi ya sha hantsi saboda ƙarfin ƙashi. Avoka da cakulan da kofi guba ne gare shi, haka ma goro, duk da yadda wasu ke gutsura masa don wasa. Hayaƙin maganin sauro da na turaren wuta a rufaffen ɗaki na iya kashe shi.

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a je wurin mai sayarwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da tsakar rana kusan kowane aku shiru yake.