Keke da goyo: matan da haihuwa ba ta raba da tsere ba

A shekara ta 1967, wata mata ƴar Ingila mai suna Beryl Burton ta hau keke, ta yi awa 12 tana tuƙi, ta ci kilomita 446, abin da ya ɗan ɗara tazarar Yamai zuwa Birnin Ƙwanni. A hanya ta cim ma Mike McNamara, wanda a wannan ranar ya ke kafa bajintar maza, ta miƙa masa alewa daga aljihunta, ta wuce. Sai da aka shekara 2 kafin wani namiji ya zarce ta. Lokacin shekarunta 30, ɗiyarta Denise kuwa tana da 11.

An haifi Burton a 1937 kusa da birnin Lidis. Tana yarinya ta yi wata doguwar jinya wadda ta taɓa mata zuciya, har ta yi watanni a kwance. Mijinta Charlie ne ya shigar da ita harkar keke. Ta haihu a 1956, shekara 3 bayan nan ta zama zakarar duniya, kuma kafin ta gama ta ɗauki wannan kambi sau 7. Duk wannan ba da albashi ba ne. Da rana tana aikin ƙarfi a gonar wani tsiro da Turawa ke kira rubab, tana ɗaukar kaya tana sunkuyo cikin sanyi. In an tashi sai ta hau hanya. Wanda littattafai ba su cika ambata ba shi ne Charlie, alhali shi ke gyaran keke, shi ke kai ta wurin gasa, shi ke riƙon yarinya.

Amma komi ya yi daɗi yana da ɗacinsa. Denise ta girma ta zama gwana, kuma a gasar ƙasa ta 1976 ta riga uwarta isa. Uwar ta ƙi ba ta hannu a gaban jama'a. Zuciyar da ke hana mutum sarewa cikin awa 12 ita ce ta hana ta yi wa ɗiyar cikinta barka. Ba ta taɓa zuwa wasannin Olamfik ba, domin sai a 1984 aka buɗa wa mata tseren keke a can, tana da shekara 47. Ta rasu a 1996 bisa kekenta, tana rabon takardun gayyar bikin cikarta shekara 59.

Burton ba ta taɓa barin keke ba balle ta komo. Wadda ta bari ta dawo, har sau 2, ita ce Kristin Armstrong ta Amurka (ba ta da dangantaka da Lance Armstrong, suna ne kawai ya zo ɗaya). Ta ci lambar zinariya a Bejin a 2008 a tseren agogo, inda kowa ke tashi shi kaɗai ana ƙidaya masa lokaci. A 2009 ta aje keke, ta haifi ɗa a 2010, ta dawo a 2011. Saura wata 2 a je Landan ta faɗi ta karye a kafaɗa, duk da haka ta sake cin zinariya a 2012.

Daga nan ta sake ajewa, aka yi mata aiki a kwankwaso, ta kama aiki a wani asibitin garinsu, Boyisi. Masu nazarin jiki sun san cewa wanda ya bar motsa jiki, cikin ƴan makonni yawan jininsa ke raguwa, numfashinsa ya gajarce. Sai dai jikin da ya taɓa horuwa ya fi saurin komawa gurbinsa bisa ga na sabon shiga. Abin da ya fi wuya ga uwa ma'aikaciya shi ne lokaci, tun da dole ta tsakuro shi tsakanin wurin aiki da lakwal ɗin yaro. A 2015 ta dawo, wasu na cewa ta tsufa, ta tare wa matasa wuri. Ran 10 ga watan Agusta 2016, a Riyo, bisa jiƙaƙƙar hanya, hancinta na haɓo, ta ci zinariya ta 3 da ratar da ba ta kai daƙiƙa 6 ba. Washegari ta cika shekara 43.

Har zuwa lokacin, mai tsere in ta yi ciki ba ta da wata doka da ke kare albashinta. A 2018 ƙungiyar Trek ta ɗauki Lizzie Deignan, ƴar yankin su Burton, tana da juna biyu, abin da ba a saba gani ba. Daga 2020 hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta wa manyan ƙungiyoyin mata hutun haihuwa: wata 3 da cikakken albashi, wata 5 da rabi. A 2021, da aka fara bai wa mata damar tseren Pari zuwa Rube, wanda maza ke yi tun 1896 bisa hanyoyin duwatsu, Deignan ce ta ci, bayan ta yi fiye da kilomita 80 ita kaɗai a gaba, jinin tafin hannunta ya ɓata kan keken. Ladan da masu shirya gasar suka tanada mata yuro 1.535 ne, na namijin da ya ci washegari kuwa 30.000. Ƙungiyarta ce ta cika mata sauran.