Tarihin Finafinan Kifin Shak Mai Cin Mutane

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Giwa a Jihar Kaduna, ya rubuto mana cewa yaransa sun nuna masa wani fim a waya, inda wani ƙaton kifi ke farautar mutane a cikin teku. Yana so a ba shi tarihin irin waɗannan finafinai. Shin da gaske ne, ko kuwa ƙirƙira ce? Kuma me ya sa 'yan kallo ke ta musu, wannan ya ce fim kaza ya yi, wancan ya ce shirme ne?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Kifin da ka gani shi ne ake kira shak, kuma da gaske akwai shi. Ba ma iri ɗaya ba ne, masana sun ƙidaya fiye da iri 500. Wani bai kai kamu ɗaya ba, wani kuwa ya fi motar bas tsawo. Amma a cikinsu duka, uku ne suka yi ƙaurin suna wajen cizon mutane: farin shak, da mai zane irin na damisa, da kuma wanda Turawa ke wa laƙabi da bijimi. Shi na ukun nan har cikin koguna yake shiga, shi ya sa a kudancin Afirka ake kiransa shak na Zambezi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, kafin shekarar 1916 masana da yawa a Amurka ba su ma yarda kifin nan yana taɓa mutum mai rai a ruwan ƙasarsu ba. A 1891 wani attajiri mai suna Hermann Oelrichs ya sa ladan dala 500 ga duk wanda ya kawo shaidar cewa shak ya ciji mutum a gaɓar tekun arewa maso gabashin ƙasar. Ba wanda ya karɓi kuɗin. Sai ga watan Yuli na 1916, ana tsananin zafi, mutane sun yi dafifi a bakin teku a jihar New Jersey. Cikin kwana 12 kacal kifi ya kashe mutum 4, ya raunata 1. Biyu daga cikin mamatan ma ba a teku abin ya same su ba, a cikin wani rafi ne mai suna Matawan: yaro ɗan shekara 11 da ke wanka, da wani matashi ɗan shekara 24 da ya shiga neman gawarsa. Masu otal-otal suka tafka asara, masunta suka bazu suna kashe duk kifin da suka gani, maganar har ta kai gaban shugaban ƙasa Woodrow Wilson. Har gobe masana na musu a kan ko kifi ɗaya ne ya yi wannan ɓarna ko da yawa.

Abu na biyu ya faru a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 30 ga Yulin 1945 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka mai suna Indianapolis, wanda bai daɗe da sauke kayan haɗa bam ɗin da aka jefa a Hiroshima ba. Mutum 1,195 ne a ciki. Wajen 900 suka faɗa ruwa da ransu, suka yi kusan kwana huɗu ba wanda ya san halin da suke ciki. Mutum 316 kaɗai suka tsira. Ƙishirwa da rana da raunuka da shan ruwan gishiri su suka kashe mafi yawa, amma kifayen shak ma sun ɗauki nasu rabo, kuma labarinsu ne ya fi zama a zukatan mutane.

To, yanzu sai mu zo kan fim. A 1974 wani marubuci Ba'amurke mai suna Peter Benchley ya fitar da littafi mai suna Jaws, watau muƙamuƙi. Ya ce abin da ya sa masa tunanin shi ne labarin wani masunci da ya kama farin shak mai nauyin wajen tan 2 a 1964. Aka ba wani matashi ɗan shekara 26, Steven Spielberg, aikin mai da littafin fim. Shi kuwa da ƙuruciya, sai ya ce shi a ainihin teku zai ɗauka, ba a cikin tankin ruwa ba kamar yadda aka saba. Aka ƙera masa kifayen inji guda uku, aka tafi tsibirin Martha's Vineyard.

Nan fa aka ga ta kansu. Ruwan gishiri ya dinga cin injin, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Aikin da aka tsara na kwana 55 sai da ya ci kwana 159, kuɗin da aka ware ya ninka har ya kai wajen dala miliyan 9. Da darakta ya ga kifinsa ya ƙi motsi, sai ya koma ɓoye shi. Za ka ga ƙafafun mai iyo daga ƙarƙashin ruwa, kamar kai ne kifin. Za ka ga ganguna masu launin rawaya, waɗanda aka ɗaura wa kifin da mashi mai igiya, suna gudu a kan ruwa. Sai kuma wani kiɗa mai amo biyu kawai da John Williams ya tsara, wanda in ya fara ka san mutuwa ta kusa. Sai an ci fiye da awa ɗaya ana kallo kafin a ga kifin sosai. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, amma a nan rashin ganin ne ya tsinka hantar mutane. Kai ma ka sani, in kana ratsa gona da dare ka ji motsi a cikin dawa, tsoron da za ka ji ya fi na lokacin da ka haska tocila ka ga ashe akuya ce.

Akwai kuma wani abu a cikin labarin da na tabbata kai ɗan kasuwa za ka gane shi nan take. Garin da abin ya faru, wanda ƙagagge ne, da baƙin da ke zuwa wanka lokacin zafi yake ci. Da kifi ya kashe wata yarinya, shugaban 'yan sanda ya ce a rufe bakin teku. Magajin gari da masu shaguna suka ce a'a, ga bikin 4 ga Yuli ya gabato, in an rufe da me za a ci abinci sauran shekara? Aka rufa maganar, aka bar mutane suka shiga ruwa, kifi ya ɗauki wani yaro. Ka ga kamar a ce annoba ta ɓulla ana saura kwana biyu kasuwar Sallah, a ce a rufe kasuwa. A ganina wannan rigima ta ciniki da rai ita ce rabin ƙarfin fim ɗin. Sauran rabin kuma mutum uku ne da suka shiga ƙaramin jirgi neman kifin: ɗan sandan da ke tsoron ruwa, da matashin masani, da wani tsohon masunci mai taurin kai. Wannan tsoho, a cikin labarin, yana cikin waɗanda suka tsira daga jirgin Indianapolis, kuma wurin da ya zauna da dare yana ba su labari, ba kifi ba jini, shi ne wurin da 'yan kallo da yawa suka fi yabawa. (Ko da yake dai a fim ɗin an ce ran 29 ga Yuni jirgin ya nutse, alhali kuwa 30 ga Yuli ne.)

Fim ya fito ran 20 ga Yunin 1975 a gidajen silima fiye da 400 lokaci guda, bayan an cika talabijin da tallarsa. Ya zama fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a tarihi zuwa lokacin, sai a 1977 Star Wars ya ture shi. Ya tara fiye da dala miliyan 470 a duniya, ya ci lambobin yabo na Oscar guda 3.

Daga nan ne fa mudun awo ya samu. Duk fim ɗin shak da ya biyo baya, da Jaws ake gwada shi, kuma a nan musun da ka tambaya yake. Su kansu masu Jaws sun sake yin wasu uku, a 1978 da 1983 da 1987, kowane ya fi na bayansa lalacewa. A na ƙarshen, wai kifi ne ya riƙe iyalin ɗan sandan a zuci, ya bi matarsa tun daga arewacin Amurka har tsibiran Bahamas don ramuwa, har da yin ruri kamar zaki. Shak kuwa ba shi da abin yin murya. Mutane suka yi ta dariya a wurin da aka so su firgita.

Da kwamfuta ta shigo harkar, sai ya zama ana iya zana kifi yadda aka ga dama. Deep Blue Sea na 1999 ya nuna kifayen da masana suka ƙara wa ƙwaƙwalwa. The Meg na 2018 ya tono wani ƙaton shak da ya ƙare a duniya tun miliyoyin shekaru, ya kuma samu fiye da dala miliyan 500. Sharknado na 2013 kuwa guguwa ce ke kwaso kifaye tana zubo su a kan gari. Masu shi sun san shirme ne, 'yan kallo ma sun sani, don dariyar suke kallo, har sai da aka yi shi kashi 6. Irin waɗannan ba a auna su da gaskiya. Wanda ya je kallon wasan 'yan kama ai ba wa'azi ya je ji ba.

Waɗanda ake musu na haƙiƙa a kansu su ne finafinan tsira da rai, inda ake jefa mutum ɗaya ko biyu cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi a ga yadda za su fita. Open Water na 2003 ya samo asali daga wasu ma'aurata 'yan Amurka da jirgin masu nutso ya manta da su a tekun Ostireliya a watan Janairun 1998. Sai bayan kwana biyu aka farga, kuma ba a sake ganinsu ba. Abin da fim ya nuna na yadda suka ƙare, ƙiyasin masu fim ne. An yi shi da kuɗi kaɗan, da kifayen gaske suna kewaya 'yan wasan, ya samo wajen dala miliyan 55. Masu sharhi a jaridu suka yaba, amma 'yan kallo da dama suka fito suna gunaguni: mutum biyu na ta shawagi a ruwa suna gardama, a ƙarshe kuma ba wanda ya tsira. Ka ga ke nan mai kallo yana cewa gaskiya yake so, amma in aka ba shi ita tsagwaronta sai ya ce ba daɗi.

The Shallows na 2016 ya fi dacewa da abin da suke so. Wata ɗalibar likitanci ce kifi ya cije ta a cinya, ta maƙale a kan wani dutse, ga tudu tana hangowa bai kai mita 200 ba, ga ruwan teku zai cika ya shanye dutsen. Ta ɗinke rauninta da 'yan kunnenta, tana ƙirga daƙiƙoƙin da kifin ke yi kafin ya zagayo. A nan mai kallo yana da aikin yi: da ni ne, me zan yi? Muddin dabarar mai tsira ta shiga hankali, to yana tare da ita. Da zarar ta yi wauta, ko kifin ya fara abin da kifi ba ya yi, sai ka ji an fara tsaki. Shi kansa wannan fim, ƙarshensa ne aka fi kushewa, don an zarce da ƙari. Haka aka yi wa 47 Meters Down na 2017, labarin 'yan'uwa mata biyu da kejinsu ya tsinke ya faɗa ƙasan teku iskar shaƙarsu tana ƙarewa.

Sauran tambayarka, ko kifin nan yana farautar mutane kamar yadda aka nuna. A'a, Malam. Akwai wani kundi da ake ajiye wa a Jami'ar Florida, wanda aka fara tun 1958, inda ake rubuta duk cizon shak a duniya. A 2023 an rubuta cizo 69 na waɗanda ba su tsokani kifin ba, mutum 10 suka mutu. A 2024 cizo 47 ne, mutum 4 suka mutu. Duniya duka fa. Kwatanta da maciji, wanda kai da ni muka sani a gona: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. Yawanci shak kan yi cizo ɗaya ne ya saki, don mutum ba abincinsa ba ne, sai dai cizon nasa guda na iya zubar da jinin da zai kashe.

Shi kuwa mutum, wani bincike da aka buga a 2013 ya ƙiyasta yana kashe shak wajen miliyan 100 a shekara. Wani na 2021 ya nuna kifayen shak na tsakiyar teku da danginsu sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A yi adalci dai, ba fim ne ya jawo yawancin wannan ba. Manyan jiragen kamun kifi ne, da cinikin fiffikensa da ake miya mai tsada da shi a ƙasar Sin da maƙwabtanta. Abin da fim ya yi shi ne ya sa mutane suka daɗe ba su ga abin tausayi a kashe shi ba, kuma bayan 1975 gasar farautarsa ta yawaita a gaɓar Amurka.

Peter Benchley ya ƙare rayuwarsa yana yawon kiran a kare kifin da ya ɓata wa suna, har ya rasu a 2006. Spielberg ma, a wata hira da gidan rediyon BBC a watan Disamban 2022, ya ce yana nadamar ɓarnar da aka yi wa kifayen sanadiyyar littafin da fim ɗin. Amma kasuwa ba ta tashi ba: a 2024 Faransawa suka fitar da nasu, Under Paris, inda shak ya shigo kogin da ya ratsa birnin Faris.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mutanen Giwa.