Mutuwar Manzo Bitrus a Birnin Rum

A zamanin da Rumawa suke mulkin ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, an yi wani masunci a ƙasar Galili, sunansa Siman. Yana cikin almajirai goma sha biyu na Isa Almasihu, wanda ya sa masa suna Bitrus, watau dutse. Littafin Linjila ya faɗi cewa daren da aka kama Almasihu, tsoro ya kama Bitrus har ya yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara. Amma daga baya shi ne ya zama jigon masu bi, yana wa'azi gari gari, har tafiya ta kai shi birnin Rum.

Sarkin Rum a lokacin nan shi ne Kaisar Niro, wanda ya hau gadon sarauta cikin shekara ta 54, yana da shekara goma sha shida. Cikin watan Yuli na shekara ta 64 sai gobara ta tashi a birnin, ta yi kwana shida tana ci, ta lafa, ta sāke tashi. Unguwannin Rum goma sha huɗu ne. Uku suka ƙone ƙurmus, bakwai suka lalace, huɗu kaɗai suka tsira. Talakawa suka rasa gidaje da dukiya, suka shiga raɗe-raɗin wai sarki ne ya sa a cinna wutar don ya sami filin gina sabuwar fada.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da Niro ya ga zargi ya ƙi kwanciya, sai ya nemi waɗanda zai ɗora wa. Kirista kuwa 'yan kaɗan ne, ba su da gata, mutanen gari kuma suna ƙinsu saboda ba sa yi wa gumakan Rum hadaya. Aka kama su da yawa. Tasitus, marubucin tarihin Rumawa, wanda shi kansa ba ya ƙaunarsu, ya rubuta cewa an sa wa waɗansu fatun namun daji karnuka suka yayyage su, aka gicciye waɗansu, waɗansu kuma aka cinna musu wuta da dare su zama fitilu a lambun sarki. Azabar ta yi yawa har masu kallo suka soma jin tausayinsu.

Cikin wannan tsanani ne Bitrus ya gamu da ajalinsa. Dokar Rumawa ta bambanta mutane ko wajen kisa. Gicciye hukuncin bayi ne da talakawan ƙasashen da aka ci da yaƙi, ɗan ƙasar Rum kuwa da takobi ake sare shi. Saboda haka, bisa ga labarin da Kirista suka gāda, aka fille wa Manzo Bulus kai, gama shi ɗan ƙasa ne, aka gicciye Bitrus. Sun kuma ruwaito cewa ya roƙi a juya kansa ƙasa, domin bai ga ya isa ya mutu kamar Ubangidansa ba. Mutumin da ya razana dā a gaban wata baranya, ran nan bai yi musu ba. Aka binne shi a tudun Batikan, hayin kogin Taiba.

Niro bai daɗe ba. Cikin shekara ta 68 sojoji suka yi masa tawaye, majalisa ta juya masa baya, ya kashe kansa. A shekara ta 313 Sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin yin addininsu, ya kuma gina babbar majami'a a bisa wurin da ake cewa nan ne kabarin Bitrus. Wadda aka sāke ginawa a gurbinta, aka keɓe ta cikin 1626, tana nan tsaye da sunan masuncin nan na Galili.