Otal Ɗin Taj Mahal Palace: Ginin da Ya Riga Ƙofar Indiya Tsayuwa a Bakin Teku

Duk mai kallon finafinan Indiya ya sha ganin wani katafaren gini mai jar ƙubba a bakin tekun Mumbai, daf da babbar ƙofar nan ta Gateway of India. Da yawa suna ɗauka ƙofar ce ta girme shi, alhali otal ɗin ya riga ta da shekara 21. An buɗe Taj Mahal Palace ranar 16 ga Disamba, 1903, ita kuwa ƙofar sai a 1924 aka kammala ta.

Wanda ya kafa shi shi ne Jamsetji Tata, attajirin da ya yi arziki da masaƙun auduga. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa an taɓa hana shi shiga otal ɗin Watson's saboda shi ba Bature ba ne, sai ya sha alwashin gina wanda ya fi shi. Masana tarihi da dama ba su gamsu da wannan labari ba. Abin da babu jayayya a kai shi ne halin da Bombay, wato Mumbai ta yau, ta shiga a 1896, lokacin da annoba ta afka mata, jama'a suka yi ta gudu, kasuwanci ya durƙushe. Shekara biyu bayan haka, a 1898, Tata ya aza harsashin ginin a Apollo Bunder, filin da aka cike daga teku. So yake birninsa ya sake ɗaga kai.

Zanen ginin ya fito ne daga hannun Indiyawa biyu, Sitaram Khanderao Vaidya da D. N. Mirza. Da Vaidya ya rasu aiki bai ƙare ba, sai injiniya ɗan Ingila W. A. Chambers ya ƙarasa. Shi ya sa ginin ya haɗa jini da yawa: tagogi masu lanƙwasar baka irin ta masallatai da fadojin sarakunan Musulmi, ƙananan ƙubbobi a kusurwoyi, barandoji irin na gidajen Indiya, sannan babbar ƙubba a tsakiya mai kama da ta majami'ar birnin Florence na Italiya. Idan ka tsaya a ƙarƙashinta ka ɗaga kai, za ka ga matakala tana zagaye bango tana hawa bene bayan bene, babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tokare ta daga ƙasa. Ƙofar shiga ta asali kuma cikin gari take fuskanta, domin ɗakunan baƙi su samu iskar teku.

Tata bai yi ƙyashin kashe kuɗi ba. Ya sa an kawo lif daga Jamus, fankoki daga Amurka, aka kuma haɗa wutar lantarki a zamanin da yawancin gidajen Bombay ke kunna fitilar mai. Sai dai bai daɗe yana ganin abin da ya shuka ba, domin ya rasu a 1904.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da otal ɗin asibiti mai gado 600. A 1948, daga gabansa ne rukunin ƙarshe na sojojin Birtaniya ya shiga jirgi ya bar Indiya. A 1973 aka ƙara masa dogon bene a gefe, a filin tsohon otal ɗin Green's.

Jarabawa mafi zafi ta zo ranar 26 ga Nuwamba, 2008, lokacin da 'yan bindigar ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka mamaye shi har kwana uku, wuta ta cinye wani sashe na saman ginin. Ma'aikatan da suka san kowace ƙofar fita sun tsaya suna fitar da baƙi, wasunsu suka rasa rayukansu. Masu otal ɗin suka gyara tsohon ɓangaren bisa zanensa na asali, suka sake buɗe shi a watan Agustan 2010, daidai da bikin samun 'yancin Indiya.

Darajar Taj ba a tsadar ɗakunansa take ba. Ɗan ƙasa ne, a ƙarƙashin mulkin mallaka, ya ɗauko fasaha daga Gabas da Yamma ya gina wa garinsu abin alfahari, magadansa kuma suka riƙe amanar ginin fiye da shekara 120 ba tare da sun rushe shi don neman sabon yayi ba.